Alhakin Wanda Ya Rufe Kasuwa: Martani Kan Tallafin Zamanin Korona

Daga cikin rubuce-rubucen da aka yi kan kuɗaɗen da gwamnatin Nijeriya ta ware domin tallafa wa masu sana'a da makarantu da ma'abota harkokin al'ada a lokacin dokar kulle ta shekarar 2020, akwai wata maƙala da ta yi fice saboda tsaurin hukuncinta, domin marubucinta bai tsaya ga sukar yadda aka raba tallafin ba, ya tafi ne a kan cewa ba da shi ma tun farko kuskure ne. Abin da ya dogara da shi shi ne cewa baitulmalin ƙasar ya riga ya bushe saboda faɗuwar farashin man fetur, kuma asara wani ɓangare ce ta kasuwanci wadda bai kamata a ɗora wa jama'a ba tun da ba a raba riba da su a shekarun yalwa, sannan makarantu masu zaman kansu shaguna ne kamar sauran shaguna, fim da kiɗa da hawan salla kuwa nishaɗi ne da zai iya jira har hankali ya kwanta. Ya kuma kafa hujja da rumbunan kayan abinci da jama'a suka fasa a watan Oktoba na 2020, yana ganin sun isa shaida cewa duk abin da aka kira tallafi a Nijeriya ƙarshensa hannun 'yan tsiraru. Wasu daga cikin abubuwan da ya lissafa gaskiya ne, amma ba su kai ga hukuncin da ya yanke ba, saboda ya tsallake tambayar da ta gabace su duka, wato wane ne ya rufe kasuwar.

Asarar da ɗan kasuwa ya saba ɗauka, wadda marubucin yake nufi, ita ce wadda ke fitowa daga cikin kasuwar kanta, kamar ya sari kaya farashi ya karye, ko ya ba da bashi a gudu da shi, ko wani ya buɗe shago kusa da shi ya kwashe masa abokan ciniki, kuma babu mai hankalin da zai ce gwamnati ta biya irin wannan. Abin da ya faru a 2020 ba daga wannan jinsi yake ba. Bayan an tabbatar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a Legas ranar 27 ga Fabrairu, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu a cikin watan Maris, sannan ranar 29 ga watan Shugaba Muhammadu Buhari ya sanar da hana fita a Legas da Ogun da Abuja, bisa ikon da tsohuwar dokar killace masu cuta ta 1926 ta ba shi. Kano ta shiga nata kullen ranar 16 ga Afrilu da umarnin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, ranar 27 ga watan kuma gwamnatin tarayya ta ƙara tsaurara shi, ba a ɗage shi gaba ɗaya ba sai farkon watan Yuli. A tsawon wannan lokaci mai shago a Kantin Kwari bai yi kuskuren lissafi ba, kayansa suna nan, masu bukatarsu suna nan, abin da ya shiga tsakaninsu shi ne umarnin hukuma da jami'an tsaro a bakin titi. Ko kullen ya dace ko bai dace ba muhawara ce ta daban, kuma yawan mace-macen da aka gani a Kano a watan Afrilu, waɗanda daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce bincike ya nuna rabinsu ko fiye suna iya kasancewa da nasaba da cutar, ya tabbatar da cewa ba a banza aka tsorata ba. Amma duk wanda ya yarda cewa an hana mutum neman abincinsa ne domin kare lafiyar kowa, to ya yarda ke nan cewa an karɓi wani abu daga hannunsa domin amfanin jama'a, kuma abin da aka karɓa domin jama'a, jama'ar ce ke biyansa ta hannun gwamnatinta.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga dokar ƙasa, haka ma ga fikihun da malaman wannan yanki suka tashi a kansa. Sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati karɓe dukiyar mutum da ƙarfi ba tare da biyan diyya ba, sashe na 14 kuma ya sanya tsaro da jin daɗin jama'a su ne babbar manufar kafa gwamnati. Gaskiya ne sashe na 44 yana magana ne kan dukiyar da ake gani da ido, kamar fili ko gida, amma dalilin da aka gina shi a kai ya shafi mai facin taya da mai tuyar ƙosai, domin a wurinsu ranar aiki ita ce dukiyar, ba su da wata. A fikihun Malikiyya kuwa akwai hukuncin ja'iha, wato bala'in da ba a iya kare shi, kamar fara ko ƙanƙara, wanda ya afka wa 'ya'yan itace bayan an saye su tun suna bisa, inda aka hukunta cewa idan ɓarnar ta kai sulusi sai a rage wa mai saye kuɗin gwargwadon abin da ya lalace, ba a bar shi ya ɗauki nauyin shi kaɗai ba. Tarihi ya kuma kiyaye abin da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya yi a Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin da fari ya kama Hijaz, inda ya jinkirta karɓar zakka, ya aika wa gwamnoninsa na larduna su turo abinci, ya ciyar da mutanen ƙauye da suka kwararo Madina. Shi fari ma ba Umar ne ya jawo shi ba, duk da haka ya ɗauki nauyin, balle kullen da hukuma ta sanya da hannunta.

Sai kuma a duba su wane ne aka hana fita. A watan Mayu na 2020, ana tsakiyar kulle, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasa, kimanin mutum miliyan 83, suna ƙasa da ma'aunin talauci, wanda aka ƙayyade a kan naira 137,430 a shekara, kuma an tattara waɗannan alƙaluma ne tun kafin annobar ta iso. Binciken da hukumar ta yi tare da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, a 2017, ya ƙidaya sana'o'i ƙanana da matsakaita miliyan 41.5, waɗanda fiye da kashi 99 cikin ɗari daga cikinsu 'yan mitsi-mitsi ne, ma'aikatansu ba su kai goma ba. Saboda haka ɗan kasuwar da marubucin yake hangowa, mai tarin ribar shekarun yalwa, ƙalilan ne irinsa a cikin wannan adadi, mafi rinjaye su ne 'yan dakon Dawanau da Singa, da direbobin Adaidaita Sahu masu kai balas kullum, da masu shayi, da matan da ke dafa abincin sayarwa a cikin gida, waɗanda rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce. Binciken da hukumar ƙididdigar ta yi ta wayar tarho a watannin Afrilu da Mayu ya gano cewa kashi 42 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya da suke aiki kafin annobar sun daina. A Kano kullen ya zo daidai da azumi, wanda aka fara ranar 24 ga Afrilu, wato lokacin da teloli da masu shadda da atamfa da masu huluna da takalma suke samun abin da zai riƙe su watanni, kuma sassaucin 'yan sa'o'i da aka riƙa yi a ranakun Litinin da Alhamis ya ba mai kuɗi damar sayen abinci, amma bai ba marar kuɗi damar nemo kuɗin ba.

Ko da za a ajiye batun adalci a gefe, tallafi wani ɓangare ne na matakin lafiyar kansa, domin dokar zaman gida ba ta riƙe mutumin da babu hatsi a gidansa, kuma idan ba a riƙe shi da abinci ba sai a koma riƙe shi da bulala. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bayyana cewa a makonni biyu na farkon kullen jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin dokar, adadin da a lokacin ya zarce na waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a duk faɗin ƙasar. Marubucin da ke neman a yi kulle ba tare da tallafi ba, ko ya sani ko bai sani ba, wannan yake nema.

A kan batun rashin kuɗi, rabin maganarsa gaskiya ce. An gina kasafin 2020 a kan dala 57 kowace gangar mai, aka koma aka sake shi a kan dala 28, kuma tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari a zango na biyu na shekarar. Sai dai a cikin wannan ƙunci ne Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince wa Nijeriya da rancen gaggawa na dala biliyan 3.4 ranar 28 ga Afrilu, kuma a watan Yuni majalisar zartarwa ta amince da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3, wanda kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya tsara. Wannan adadi, duk da girman da yake da shi a kunne, bai wuce kimanin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara ba, kuma babban kaso daga cikinsa rance ne daga Babban Bankin Nijeriya da za a dawo da shi, ba kyauta ba. Abin da aka keɓe kai tsaye domin ceto ƙananan sana'o'i naira biliyan 75 ne, a ƙarƙashin kwamitin Ƙaramar Ministar Masana'antu da Ciniki Mariam Katagum, kuma idan aka raba shi ga sana'o'i miliyan 41.5 ɗin nan kowace ba za ta samu naira dubu biyu ba. Ba irin wannan kuɗi ne ke talauta ƙasa ba. Marubucin ya kuma yi shiru kan abin da gwamnati ta karɓa daga mutanen nan a cikin shekarar, domin a watan Fabrairu aka ɗaga harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, a watan Satumba kuma, ana cikin farfaɗowa daga kulle, farashin man fetur da kuɗin wutar lantarki suka tashi, alhali iyakokin ƙasa da aka rufe tun Agustan 2019 ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020, abin da ya riga ya durƙusar da fatauci ta Illela da Maigatari.

Ya yi daidai da ya ce Nijeriya ba Ingila ba ce, inda gwamnati ta ɗauki nauyin kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida har zuwa fam 2,500 a wata, amma bai kamata kwatancen ya tsaya a Turai ba, domin maƙwabtan da ba su fi Nijeriya arziki ba sun nuna abin da ake iya yi da ɗan kaɗan. Togo ta ƙirƙiro shirin Novissi a watan Afrilu na 2020, inda aka riƙa tura wa masu ƙananan sana'o'in da kulle ya shafa kuɗi ta wayar hannu, aka tantance su da katin zaɓe, kuma aka ba mata fiye da maza saboda sanin inda kuɗin cefane yake tafiya. Jamhuriyar Nijar ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da na ruwa na watannin Afrilu da Mayu, Gana kuma ta ba da ruwan famfo kyauta na wata uku tare da rage kuɗin wuta. Babu wanda zai ce waɗannan matakai sun wadatar, amma suna da siffa guda da ta kamata a lura da ita, wato sun isa ga mutane tun ana cikin kulle, kuma ba su nemi talaka ya kawo takardun da ba shi da su ba.

A nan ne ainihin laifin tallafin Nijeriya yake, kuma a nan ne ya kamata marubucin ya sa alƙalaminsa. Daga cikin matakan farko da Babban Banki ya sanar a tsakiyar watan Maris akwai rancen naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL na ƙananan lamuni, inda magidanci zai iya karɓar har naira miliyan 3, mai sana'a kuma har miliyan 25, da kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari. Wato mutumin da aka hana shi aiki, abin da aka fara miƙa masa bashi ne, kuma bashi mai ruwa, a yankin da ɗimbin jama'a suke ƙyamar riba saboda addini, tsarin da ba shi da ruwa kuwa sai daga baya ya biyo. Neman rancen ta intanet aka yi, da lambar tantance asusun banki da aka sani da BVN, alhali binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2018 ya nuna cewa kashi 62 cikin ɗari na baligai a Arewa maso Yamma ba su da wata hulɗa da cibiyoyin kuɗi, a Arewa maso Gabas kuma kashi 55. Asusun ceto ƙananan sana'o'i, wanda shi ne kyauta ta gaske, ba a buɗe shafin rijistarsa ba sai ranar 21 ga Satumba, kusan wata shida bayan fara kulle, kuma babban sashensa, na biyan albashin naira dubu 30 zuwa dubu 50 a wata har wata uku ga ma'aikatan da ba su wuce goma ba a kowane kamfani, an shardanta masa rijista da hukumar rijistar kamfanoni. Mai walda a Dakata ko mai rini a Ƙofar Mata, idan ya dace, abin da ya samu shi ne naira dubu 30 sau ɗaya daga sashen masu sana'ar hannu, wanda aka tsara wa mutum 333,000 a ƙasa baki ɗaya. Tsarin da aka gina a kan rijista da asusun banki, a ƙasar da mafi yawan ciniki ba ya bin ɗayansu, ya riga ya zaɓi masu cin gajiyarsa tun kafin a saki kobo.

Haka abin yake ga tallafin gidaje. Naira dubu 20 da Ma'aikatar Jinƙai ta Sadiya Umar Faruƙ ta raba, wato kuɗin wata huɗu a dunƙule, an bi rijistar marasa galihu ne mai ɗauke da gidaje miliyan 2.6, wadda shugaban ƙasa ya umarta a ƙara mata miliyan ɗaya, kuma rijistar ta fi karkata ga ƙauyuka, alhali kullen ya fi ƙuntata wa talakan birni mai fita kullum ya nemo.

Rumbunan da aka fasa a watan Oktoba, bayan zanga-zangar neman rusa rundunar 'yan sanda ta SARS, a Legas da Jos da Kaduna da Ilori da Kalaba da Yola da sauran garuruwa, abin kunya ne da ba a kare shi, kuma bayanin da aka bayar, cewa ana jiran kammala tattara kayan ne ko ana tanadi domin dawowar cutar, bai gamsar da mutanen da suka sha azumi da yunwa ba. Amma marubucin ya ɗauki wannan hujja ya kai ta inda ba ta zuwa. Mafi yawan kayan nan na CACOVID ne, wato gamayyar 'yan kasuwa da bankuna da Aliko Ɗangote da Herbert Wigwe suka jagoranta tare da Babban Banki, wadda ta saya ta miƙa wa gwamnatocin jihohi su raba, don haka ba shaida ba ne kan almubazzaranci da baitulmali. Abin da suka nuna shi ne jihohi ba su da hanyar da aka yarda da ita ta isar da buhun shinkafa ga gidan da ya dace a kan lokaci. Rijiya ta bayar, guga ya hana, shi kuma marubucin shawararsa a cike rijiyar.

Batun makarantu masu zaman kansu ya fi yadda ya ɗauke shi zurfi. Akwai makarantun da 'ya'yan manya ke zuwa, waɗanda suka koma darasi ta intanet suka ci gaba da karɓar kuɗi, kuma ba su ne abin damuwa ba. Mafi yawan makarantun kuɗi a unguwannin Kano da Kaduna da Zariya ƙanana ne, na ɗakuna 'yan kaɗan a gidan haya, waɗanda suka wanzu saboda ajujuwan gwamnati sun cika maƙil, kuma albashin malamansu daga kuɗin makaranta na zangon da ake ciki yake fitowa. Da aka rufe su a watan Maris, 'yan ajin ƙarshe ba su koma ba sai 4 ga Agusta domin jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, sauran ɗalibai kuwa a yawancin jihohi sai wajajen Oktoba. Malamin gwamnati ya ci gaba da karɓar albashi a wannan tsakani, kamar yadda ya cancanta, abokin aikinsa na makarantar kuɗi kuwa, mai koyar da manhaja ɗaya ga 'ya'yan ƙasa ɗaya, a wurare da dama ya zauna watanni ba ko sisi. Ita kanta gwamnati ta amince da wannan a aikace, tun da ma'aikatan makarantu ta fara buɗe wa rijistar biyan albashi a watan Satumba, sai dai kafin lokacin malamai da yawa sun kama wata sana'a. A ƙasar da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta tun kafin annoba, duk makarantar unguwa da ta mutu ɗalibanta ba su da wani aji da ke jiransu. Darussan rediyo da jihohi irin su Kano da Kaduna suka gabatar sun dace da yanayin jama'a fiye da na intanet, kuma an samu gudummawar dala miliyan 15 daga ƙawancen duniya na tallafa wa ilimi, amma rediyo ba ya duba littafin yaro. Abincin makaranta da aka mayar na kai wa gida a watan Mayu, wanda ya ci fiye da naira miliyan 500, a Legas da Ogun da Abuja kawai aka raba shi.

Akwai kuma makarantun da marubucin bai ambata ba sam, wato tsangayu. Abin da almajirai suka samu daga hukuma a wannan lokaci shi ne shawarar da gwamnonin Arewa suka yanke a watan Afrilu ta mayar da su jihohinsu na asali, aka riƙa loda yara a manyan motoci ana ƙetare iyakokin jihohin da aka ce an rufe, har gwamnatin Kaduna ta sanar da cewa da dama daga cikin waɗanda aka kawo mata daga Kano an same su da cutar. An kashe kuɗi a wannan jigila, kuma da an kashe shi wajen ciyar da yaran a inda suke, ta hannun malamansu da masu unguwanni, da ya fi kusa da manufar da aka ce an yi kullen dominta.

Ɗaukar al'ada a matsayin nishaɗi mai iya jira kuwa ra'ayi ne na ɗan kallo, wanda bai san abin da ke bayan fage ba. An soke hawan salla a Kano a 2020, a shekarar farko ta sarautar Aminu Ado Bayero, kuma wanda ya rasa kallon Hawan Daushe da Hawan Nasarawa ya rasa yini biyu ne na annashuwa, amma dukawa masu sirdi da kayan doki, da maƙera masu linzami da likkafa, da masu ɗinkin alkyabba da manyan riguna, da masu naɗin rawani, da mabusan algaita da kakaki, da masu hayar dawakai da masu ciyawa, sun rasa kasuwar da suke jira tun bara. Makaɗa da maroƙa da masu ɗaukar hoto da masu ƙunshi, waɗanda abincinsu ke wurin biki da suna, an hana tarukan da suke ci daga gare su. Irin waɗannan sana'o'i ba a makaranta ake koyonsu ba, yaro ne ke zama gaban ubangidansa shekara da shekaru, kuma idan shagon ya tsaya har yaron ya koma tuƙa babur, ba lallai ne ya dawo ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka yi a watan Maris na 2020, 'yan kwanaki kafin a fara rufe gari, an yi shi ne bayan kusan shekara goma ba a yi ba, kuma wannan ya isa ya nuna cewa abin da aka dakatar ba ya dawowa don kansa.

Marubucin na iya cewa Kannywood ta tsira ba tare da gwamnati ba, tun da a 2020 ne shirye-shirye masu dogon zango irin su Izzar So a YouTube da Labarina a tashar Arewa24 suka karɓu. Wannan nasara ce ta waɗanda suke da jarin da za su jure, ba ta nuna halin da masu haska fitila da masu kwalliya da 'yan ɗaukar kaya suka shiga ba, waɗanda ake biya kullum idan an fita aiki. Ministan Yaɗa Labarai da Al'adu Lai Mohammed ya kafa kwamiti a watan Mayu ƙarƙashin ɗan barkwanci Ali Baba domin ba da shawara kan farfaɗo da masana'antar, a watan Yuli kuma aka miƙa Babban Ɗakin Wasanni na Ƙasa da ke Legas ga kwamitin shugabannin bankuna domin a gyara shi. Gyaran gini abu ne mai kyau, amma ba shi ne bukatar mai kalangu a Gusau a watan da aka hana biki ba. Jamus ta ware yuro biliyan ɗaya ga harkokin al'adu, Birtaniya fam biliyan 1.57, ba don suna ganin wasan kwaikwayo ya fi asibiti ba, sai don sun lissafa cewa riƙe ma'aikacin da ya ƙware ya fi sauƙi a kan renon wani daga farko.

Saura hujjarsa ta ƙarshe, wadda ya aro daga masana tattalin arziki, cewa matsi yana tace kasuwa, raunanan sana'o'i su faɗi, masu ƙarfi su gaje gurbinsu. Wannan magana tana da ma'ana idan abin da ya kayar da sana'a rashin iya aiki ne, amma kulle bai bambanta gwani da marar iyawa ba, ya bambanta mai ajiya ne da marar ajiya. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da bango tsakanin jarinsa da tukunyar gidansa, saboda haka idan ya yi wata biyu bai fita ba jarin yake ci, kuma ranar da aka buɗe kasuwa ba shi da abin sari. Cinikin manyan kasuwannin Kano an gina shi ne a kan amana, babban dila ya ba na ƙasa da shi kaya bashi, shi kuma ya ba masu zuwa daga ƙauyuka da Nijar da Chadi, a biya idan an sayar, don haka idan na ƙarshe ya cinye jari, giɓin yana hawowa har ya iske na sama, adashin da aka saba farfaɗowa da shi kuma ya tsaya, tun da duk masu zubin matsala ɗaya ta same su a lokaci ɗaya. Alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna rashin aikin yi ya tashi daga kashi 27.1 cikin ɗari a zango na biyu na 2020 zuwa kashi 33.3 a zango na huɗu, wato ya ci gaba da hawa watanni bayan an buɗe gari, alhali da tacewa ake yi da an ga masu ƙarfin suna ɗaukar waɗanda aka sallama. Waɗanda suka samu rancen Babban Banki kuwa, da yawansu a kan abinci da haya da magani ya tafi, domin abin da kulle ya hana su ke nan, kuma tun ranar 1 ga Agustan 2020 bankin ya fara aiki da wani tsari da ya ba mai bin bashi damar cire kuɗinsa daga duk wani asusu da ke ɗauke da lambar BVN ta wanda ake bi, ko a wane banki yake.